Yadda na gyara wasan ches da Lichess ya ƙi karɓa

Ƙanina ya dawo daga gasar ches nan Kano da takardar wasansa, muka zauna mu duba inda ya sha kashi, na kwafe motsin tsaf na liƙa a Lichess, shafin wasan ches na intanet, amma ya ƙi karɓa sam. Sai na ɗauko allo muka bi ɗaya bayan ɗaya. Ashe matsalar Nd2 ce, wato doki ya tafi gidan d2, alhali dawakai biyu ne za su iya zuwa d2, na b1 da na f3, dole a bambance. Na mayar Nbd2, wato dokin b1 ne ya tafi, nan take ya shiga.

Ban bari ya kunna Stockfish, manhajar da ke nazarin wasan ches, ba sai da ya faɗa min dalilin kowane motsi, don gaskiya nan ne ake koyo. A nan muka ga ya fito da sarauniya da wuri, sarkinsa kuma na tsakiya ba kariya.