Yadda Ake Riƙe Zuciyar Iyayen da Ɗansu Ya Yi Nisa

A ƙauyukan da ke kewayen Ringim da Gumel, ba wuya ka samu gidan da ɗansa yake Saudiyya ko Libiya, kuɗi na zuwa lokaci-lokaci, amma uwarsa tana ramewa da kewa.

Iraniyawa sun daɗe cikin wannan hali. Bayan juyin juya halin 1979 da yaƙinsu da Iraƙi daga 1980 zuwa 1988, ɗimbin mutanensu sun watsu a Turai da Amurka. Da yake hulɗar jakadanci tsakanin Iran da Amurka ta yanke tun 1980, iyaye sai sun fita wata ƙasa neman biza, shi ya sa iyalai da yawa suke haɗuwa a Istanbul, inda Ba'iraniye ba ya buƙatar biza. Abin koyi a nan shi ne sanya ranar haɗuwa, ko da nesa take, domin tsohuwar da ke ƙirga watanni ta fi wadda aka bari da "sai wata rana" samun barci.

Haka ma kiran waya, a tsayar masa da lokaci, misali bayan sallar Juma'a. Tun ranar Alhamis a kai wayar wurin mai caji, a sa kati, sannan a miƙa wa uwar a fita daga ɗakin, saboda akwai maganar da ba za ta faɗa a gaban surukarta ba. Idan ba ta karatu, a roƙi ɗan ya riƙa turo saƙon murya ta WhatsApp. Na ga wata tsohuwa tana sa jikanta ya maimaita mata saƙo guda har sau uku, tana cewa, "Ɗan nan, sake kunna mini, muryarsa kamar da mura."

Ranakun biki sun fi ciwo. Yadda Nowruz, sabuwar shekararsu a watan Maris, take tayar wa iyayen Iran da kewa, haka safiyar Sallah take a wurinmu. Kada a bar su su kaɗai ranar. 'Yan'uwa su kawo tuwon Sallarsu a ci tare a tsakar gidan.

Kuma idan rashin lafiya ta kama mahaifin, a sanar da ɗan da wuri, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin ya samu damar neman gafara da bakinsa.