Matakan Rubuta Jarrabawar IELTS Don Komawa Kanada

1. Kafin ka biya ko kwabo, tabbatar da irin jarrabawar da ake buƙata. IELTS jarrabawar gwada iya Turanci ce, kuma iri biyu ce: General Training da Academic. Express Entry, tsarin Kanada na neman izinin zama na dindindin, General Training yake karɓa, ba Academic ba. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗinsu a nan.

2. Yi rajista da British Council ko IDP, masu shirya jarrabawar, da fasfonka. Shi ɗin dai za ka riƙe ranar jarrabawa.

3. Sassa huɗu ne: saurare, karatu, rubutu da magana. Rubutu ne ya fi wahalar da mutanenmu, don haka ka ba shi lokaci sosai. Awa ɗaya ce: wasiƙa mai kalma 150 aƙalla, sai maƙala mai kalma 250. Maƙalar ta fi maki, ka ware mata minti 40. Riƙa gwaji da agogo a gabanka kullum.

4. A ɓangaren saurare, sau ɗaya tak ake kunna muryar. Saba wa kunnenka da rediyon Turanci.

5. Magana minti 11 zuwa 14 ce da mai jarrabawa. Kada ka haddace amsa, suna ganewa.

6. Ga shirin ƙwararrun ma'aikata na Express Entry, nemi aƙalla maki 6 a kowane sashe. Sakamakon shekara 2 yake aiki.