Kafin ka kashe kuɗin fenti, yanka filtar baƙin mai

'Yan uwa masu gyaran tsohon ƙaramin jirgin sama a Accra, ku fara da filtar baƙin mai.

Kwance ta, ka yanka gwangwanin da abin yanka filta. Kada ka sa zarto, garin ƙarfensa zai gauraya ya ruɗe ka.

Ware takardar ciki, ka wanke ta cikin fetur a farin kwano, ka zagaya da maganaɗisu.

Abin da ya manne ƙarfe ne, galibi daga kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na injin. Wanda bai manne ba yana iya zama alminiyam ko tagulla.

A injin kamfanin Lycoming kamshaf yana can saman injin. Jirgi ya daɗe a ajiye, mai ya tsiyaye ƙasa, danshin iskar teku ya kawo wa kamshaf tsatsa, in an tayar da injin garin ƙarfensa ya taru a filta. Gara ka sani tun kuɗinka na aljihu, domin buɗe inji ya fi fenti tsada nesa.

Amma fa in injin bai yi aiki ba tun da aka ajiye shi, filta za ta fito fes ko da tsatsa na ciki. Wasu tsofaffin injuna ma raga gare su a maimakon filta, ita za ka duba.

Duk abin da ka gani, kai wa injiniya mai lasisin GCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, kafin ka tashi.