Yadda Tsofaffin Ma'aurata Za Su Riƙe Juna

Idan 'ya'ya sun yi aure sun watse, gida ya rage daga Malam sai uwargida, wajibi ne kada kowa ya koma gefe ya yi shiru. Maigida ya rage zaman majalisa bayan sallar isha'i, ya shiga ciki su taɓa hira, ko ta daminar bana ko ta jikoki, domin kaɗaici yana karya tsoho da wuri.

Idan ɗaya yana fama da hawan jini, ɗayan ya riƙa tuna masa lokacin shan magani, a rage gishiri a miya, a kuma raka shi asibiti a auna shi. Idan haƙora sun yi rauni, a sassauta tuwo, a yawaita kunu da fate.

Alkunya ba ta hana kulawa, kuma a ganina ɗan goro ko turaren da zai riƙo mata ranar kasuwa yana da daraja ƙwarai. Ya kuma mutunta danginta da ƙawayenta, kamar yadda Manzon Allah (SAW), wanda ya zauna da Nana Khadija kusan shekara 25, yakan yanka tunkiya ya aika wa ƙawayenta nama bayan rasuwarta.