Shawara ga masu fara Mario Kart 8 Deluxe

Duk wanda yake son ya ƙware a wannan wasan tseren motoci na na'urar Nintendo Switch, ya fara da tseren gwajin lokaci kafin ya shiga gasar intanet, domin a nan ne zai san kowace kwana ba tare da wani ya jefe shi ba. Idan hannu ya faɗa a matakin gudu na 100cc, ya kashe na'urar da take riƙe masa sitiyari, saboda muddin tana kunne, tartsatsin da yake fitowa idan mota tana zamiya a kwana ba zai kai mataki na uku mai launin shunayya ba, wanda shi ne ya fi ba da gudu. Ya kuma riƙa tara tsabobi har 10, sannan ya riƙe ɓawon ayaba a bayan motarsa don tare jan ƙoƙon kunkurun da abokan tsere suke jefowa.