Ruwa Mai Cin Sabulu: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙara Sinadarai da Yadda Ake Gyara Su

Idan sabulu ya ƙi kumfa, fararen kaya suka fara dafewa, tawul ya ƙandare bayan shanya, kuma wani farin maiƙo ya zagaye bakin bokiti, sabulun ake fara ɗora wa laifi, alhali sau da yawa matsalar daga ruwan take. Ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa ko alli kafin ya iso rijiya yakan narko kalsiyam da magniziyam, waɗannan biyun kuwa da zarar sun haɗu da sabulu sai su ɗaure shi su mai da shi wani tsaki-tsaki mai maiƙo wanda ba ya narkewa, ba ya wanki, sai dai ya manne a jikin tufa. Masana suna kiran irin wannan ruwa mai tauri, kuma suna auna taurin da miligiram na alli a kowace lita. A rabe-raben hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ruwan da bai wuce 60 ba mai laushi ne, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa mai tsananin tauri.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi ta ƙara sabulu har sai kumfa ta tashi. Kumfar za ta tashi daga ƙarshe, amma sai bayan kalsiyam ya gama cin rabonsa, kuma duk abin da ya ci yana nan a cikin ruwan yana jiran tufar da zai kama. Lissafin ba shi da wuya: bokiti mai lita 20 na ruwan da taurinsa ya kai 200 yana ɗauke da kwatankwacin giram 4 na alli, wanda zai lalata sabulu kimanin giram 24 tun ba a taɓa datti ba, alhali sodar wanki giram 4 da ɗoriya ta isa ta kama wannan adadin a bisa lissafi. A aikace akan sa fiye da haka, amma ratar ta isa ta nuna inda asarar take. Gyaran shi ne a fara da ruwan kafin a zo ga sabulu, ko kuma a koma ga garin wanki irin wanda aka fi kira omo, domin sinadaran wankin da ke cikinsa ba su kai sabulu saurin karyewa a gaban kalsiyam ba, kuma tun a masana'anta an haɗa shi da masu kama taurin ruwa. Shi ma yana da iyaka, shi ya sa kamfanoni da dama suke rubuta awo daban-daban a jikin kwali gwargwadon taurin ruwa, rubutun da ba kowa ne ke tsayawa ya karanta ba.

Akwai kuma masu ƙara sinadari ba tare da sun san ruwansu ba. Wasu sukan sayi ɗan ma'aunin nan mai kama da alƙalami da ake tsomawa a ruwa ya nuna lamba, su ɗauka taurin ruwa ya auna. Jimillar duk abin da ya narke a ruwa yake kintata, har da gishiri, saboda haka yana iya nuna babbar lamba a ruwan da ba ya cin sabulu. Takardar gwajin tauri ko ruwan gwaji mai ɗigo su ne suka dace. Wanda bai samu ba yana iya zuba ruwansa a kwalba ɗaya, ruwan sama mai tsabta a wata, ya ɗiga musu narkakken sabulu daidai wa daida, ya girgiza: kwalbar da ta yi fari kamar madara, kumfarta ta kwanta nan take, ita ce mai tauri.

Tafasa ruwa yana rage taurin da ya samo asali daga bikabonet kawai, shi ne farin ɓawon da ke kama gindin tukunya. Taurin da ke tare da salfet ko kiloraid ba ya jin wuta, don haka wanda ya tafasa ruwa bai ga canji ba ya daina ɓata makamashi.

Rikita sunaye ma yana jawo asara. Bekin soda daban, sodar wanki daban, ko da yake dukansu farin gari ne. Bekin soda kaifinta a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin sinadari, bai wuce 8 da ɗoriya ba, kuma ba ta da ƙarfin sauke kalsiyam yadda ake buƙata, ita kuwa sodar wanki, wato sodiyam kabonet da masu haɗa sabulu ke kira soda ash, takan kai wajen 11. Gishirin girki kuwa ba ya tausasa ruwa ko kaɗan, hasali ma idan ya yi yawa yana kashe kumfar sabulu. Abin da ya jawo wannan zato shi ne ganin ana zuba gishiri a injin tausasa ruwa da injin wanke kwanuka, amma a can aikinsa farfaɗo da ƙwayoyin roban da ke tsotse kalsiyam ne, ba shi ne ke tausasa ruwan da kansa ba.

Inda aka fi tafka kuskure, kuma inda ya fi dacewa a tsaya a fahimta, shi ne rashin bambance hanyoyin da waɗannan sinadarai suke aiki. Wasu suna sauke kalsiyam ne, wato su mai da shi garin alli ya kwanta, sodar wanki ce kan gaba a wannan rukuni. Wasu kuma suna riƙe shi ne a cikin ruwan yana narke amma ba ya iya taɓa sabulu, kamar sinadaran da ake kira sitiret, EDTA, gulukonet da wani nau'in fosfet mai suna STPP. Rukuni na uku musaya yake yi, ya karɓi kalsiyam ya saki sodiyam, shi ne aikin ziyolayit, wani farin gari da ake sawa a garin wanki. Wanda bai san wannan ba yakan jiƙa kaya, ya sa sabulu, sannan ya barbaɗa sodar wanki a kai, sai ya yi asara sau biyu: sabulun ya riga ya lalace, allin da sodar ta sauke kuma a cikin zaren tufa zai sauka. Bayan wanki goma ko ashirin sai a ji yadi ya yi kaushi a hannu, baƙaƙen kaya su fito da farin ƙura-ƙura a bakin ɗinki. Tsarin da ya dace shi ne a narkar da sodar a ɗan ruwan ɗumi, a juye a ruwan wankin, a dama, a ba shi lokaci. Mai wankin hannu da ke da sarari zai fi samun biyan buƙata idan ya bar ruwan ya kwanta, ya tsiyaye na sama zuwa wani mazubi ya bar laka a ƙasa, sannan ya sa sabulu, sai tufafi a ƙarshe. A injin wanki ba a samun damar tsiyayewa, don haka sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya fi dacewa da shi, ko a haɗa biyun. Wannan ne dalilin da ya sa masana'antu ke sa ɗan polikaboksilet ko fosfonet a garin wanki mai soda, domin su hana ƙwayoyin allin girma da mannewa.

Ana kuma mantawa cewa ruwan ɗauraya shi ma mai tauri ne. Tufar da ta fito daga wanki jiƙe da sabulu da soda, aka tsoma ta a sabon ruwa mai kalsiyam, nan take maiƙon zai sake haɗuwa a jikinta. A matse ta sosai kafin ɗauraya, kuma idan da sabulun gaske aka yi wankin, ɗauraya ta farko ta kasance da ruwan da aka tausasa.

Batun fosfet yana da nasa ruɗanin. STPP da TSP, wani nau'in fosfet ɗin na daban, sunayensu sun yi kama, amma TSP mai sauke kalsiyam ne, kaifinsa yana kaiwa wajen 12, ya fi dacewa da wanke bango kafin fenti fiye da tufafi. STPP shi ne wanda ya sauya harkar wanki lokacin da kamfanin Procter & Gamble ya fito da garin wanki mai suna Tide a Amurka a 1946, domin yana riƙe kalsiyam da magniziyam duka, yana kuma hana datti komawa jikin kaya. Ta fuskar wanki kaɗai da wuya a sami wanda ya fi shi. Illarsa a waje take: fosfet taki ne, idan ya kwarara zuwa tafki sai gansakuka ta yi yawa, ta ruɓe, ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, kamar yadda aka gani a tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada a shekarun 1960. Amurka da Kanada sun ƙulla yarjejeniyar kare manyan tafkunansu a 1972, Suwizalan ta haramta fosfet a garin wankin tufafi a 1986, Tarayyar Turai kuma ta taƙaita shi zuwa ƙasa da rabin giram na fosforos a kowane wanki daga tsakiyar 2013, sannan giram 0.3 a sabulun injin wanke kwanuka daga 2017. Duk mai niyyar ƙara shi ya duba dokar ƙasarsa da inda ruwan wankinsa ke zuwa. Kada kuma a jiƙa shi da yawa a ajiye, domin a cikin ruwa yana rugujewa sannu a hankali ya zama fosfet mai sauke kalsiyam. Ziyolayit, wanda kamfanin Henkel na Jamus ya taka rawa wajen shigo da shi garin wanki a shekarun 1970, shi ne ya maye gurbinsa, sai dai ba ya narkewa, ba ya kama magniziyam sosai, kuma yana jinkiri a ruwan sanyi. Farin garin da ake gani a baƙar riga bayan gajeren wanki sau da yawa shi ne, maganinsa kuwa rage cunkoson kaya da ƙara ɗauraya.

Ruwan khal da sitirik asid suna narkar da ɓawon alli, wannan gaskiya ne, amma zuba su tare da sabulu kuskure ne, domin tsami yana warware sabulu ya mai da shi kitse, yana kuma kashe kaifin sodar da aka sa. Wurinsu ɗauraya ta ƙarshe ce, kaɗan ba da yawa ba, ko wanke injin da kansa ba kaya a ciki. Haɗa kowane abu mai tsami da bilic kuwa haɗari ne na rai, saboda iskar kilorin mai guba da yake saki.

Masu haɗa sabulu suna da nasu kurakuran. Wanda ya ji cewa sitirik asid yana rage maiƙo ya zuba shi a haɗinsa bai ƙara kostik soda ba, wato sodar da ke mai da mai ya zama sabulu, ya rage wa sabulunsa soda bai sani ba, domin kowane giram 10 na busasshen sitirik asid yana cinye kimanin giram 6 na kostik kafin ya zama sodiyam sitiret. Sakamakon shi ne sabulu mai laushi da ragowar mai, wanda zai ƙara maiƙon da ake gudu. Ko dai a ƙara kostik ɗin bisa wannan lissafi, ko a sayi sodiyam sitiret kai tsaye wanda ba ya cin soda. EDTA ma iri biyu ne a kasuwa: mai sodiyam huɗu shi ne na sabulu da duk haɗi mai kaifi, mai sodiyam biyu kuwa ya fi dacewa da haɗin da ba shi da kaifi. Akan sa kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin sabulun, kuma a nan ne ya kamata a rage buri. Rabin giram na EDTA da ke cikin sabulu mai giram 100 bai isa ya tausasa ko lita ɗaya ta ruwan da taurinsa ya kai 200 ba. Amfaninsa shi ne inganta kumfa a hannu da jiki, da kuma kama ɓurɓushin ƙarfe da tagulla da ke sa sabulu ya yi ɗigon ruwan goro ya soma wari. Bokitin wanki kuwa sai an tausasa ruwansa daban. A ganina ninka EDTA ba dabara ba ce, tunda ba ya saurin ruɓewa a muhalli, dalilin da ya sa masana'antu da yawa suke komawa ga MGDA da GLDA, sinadaran da ke yin irin aikinsa amma suka fi shi saurin ruɓewa. Sabulun wankin tufafi kuma kada a bar masa ragowar mai irin na sabulun wanka, kuma ƙara man kwakwa a haɗin yana taimaka masa ya yi kumfa a ruwa mai tauri.

Ba kowace tufa ce ke jure kaifi ba. Ulu da siliki suna lalacewa a ruwan soda, haka ma kwanon alminiyam yakan dushe ya yi baƙi, fatar hannu kuma ta tsage, saboda haka safar hannu ba ƙawa ba ce. Ga irin waɗannan kaya sodiyam sitiret da sabulun ruwa marar kaifi sun fi aminci.

Wani lokaci kuma taurin ba shi kaɗai ba ne. Ruwan rijiya mai zurfi yakan zo da narkakken ƙarfe, ya fito garau amma ya yi ja idan ya kwana a buɗe. Mai wanki ya ga fararen kaya suna yin rawaya sai ya ƙara bilic, bilic ɗin kuwa shi ne ke mai da ƙarfen tsatsa ya kafa ta a cikin zare. Irin wannan ruwa ana barinsa ya sha iska ya kwanta, a tace shi, a sa mai riƙe ƙarfe kamar sitiret ko gulukonet, sannan a yi wanki. Tabon tsatsar da ya riga ya kama kuwa da sitirik asid ko oksalik asid ake cire shi, a mazubi daban, a ɗauraye sosai kafin tufar ta koma ruwan sabulu.