Darasi na Bakwai: Duba Gida Kafin Saye a Sabuwar Unguwa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tsohon gida ne kaɗai yake buƙatar a duba shi kafin a saya. Wannan kuskure ne mai tsada. Tsohon gida ya sha damina da rani, yawancin aibin da ke jikinsa ya riga ya fito fili, amma gidan da aka gama bara ko bana bai ga komai ba tukuna, kuma sabon fenti yana iya rufe abin da zai ci kuɗin mai saye nan da shekara biyu. Wanda ya biya kuɗi saboda kyan fenti da tayil, cinikin biri a sama ya yi.

Abu na farko da za a bincika a sabuwar unguwa shi ne ƙasar da aka yi ginin a kanta. Yawancin irin waɗannan unguwanni gonaki ne a da, ko fadama, ko kududdufin da aka cike. Ƙasar ciko idan ba a daddaɓe ta sosai ba takan ci gaba da zama a hankali bayan an ɗora mata nauyi, ita kuwa ƙasa mai yumɓu takan kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe. Duka biyun suna motsa harsashin gini, kuma bango ne yake ba da labari. Siririyar tsaga kamar gashi a jikin filasta ba abin tsoro ba ce, domin siminti yakan ɗan tsuke yayin bushewa. Wadda ake gudu ita ce mai tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko mai bin layin bulo kamar matakala, musamman idan faɗinta ya kai milimita 5 ko ta ratsa bangon ciki da waje. A buɗe kowace ƙofa a rufe. Wadda take cijewa a sama alhali sabuwa ce, sau da yawa ba laifin kafinta ba ne, ginin ne ya karkata.

Sai batun ruwa, wanda a ganina ya fi kowane abu lalata gida. Ya kamata ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara nesa da bango, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. A sababbin unguwanni sau da yawa akan gama gidaje kafin a gama titi da magudanar ruwa, idan kuma aka zo aka ɗaga titi, gidan da ke ƙasa da shi ne zai karɓi ruwan maƙwabta. Saboda haka, in da hali, a je ganin gidan bayan an ɗauke ruwan sama. A dubi gindin bango: fentin da ya kumbura, da farin gari kamar gishiri da ke fitowa a jikin filasta, alamun danshi ne mai hawowa daga ƙasa. A ɗaga kai a dubi silin ko akwai tabon yoyo, a kuma leƙa cikin rufi da tocila a ga katako, domin hanyar gara takan bayyana a matsayin siririn layin ƙasa.

Famfo da lantarki ba su da wuyar gwaji. A buɗe famfuna gaba ɗaya a ga ƙarfin ruwa, a zuba ruwa a banɗaki a ga ko yana bin hanyarsa ko yana kwanciya, a gwada kowane soket.

Duk da haka, idon mai saye ba ya maye gurbin ƙwararre. A nemi injiniyan gini ko mai duba gine-gine da ke da rajista, wanda mai saye ne ya ɗauko shi kuma shi zai biya shi. Kada a yarda da wanda dillali ko ɗan kwangila ya kawo, domin buƙatarsu ita ce ciniki ya faɗa. Ƙwararren yana da na'urar auna danshi da ma'aunin daidaiton daɓe, kuma zai kwatanta ginin da zanen da hukuma ta amince da shi, domin ɗakin da aka ƙara ba da izini ba matsalarsa kan sabon mai gida take komawa. A sani cewa ba ya fasa bango, abin da ido da na'ura suka kai gare shi kawai yake bayarwa, don haka a tambaye shi wuraren da bai samu shiga ba.

A karɓi rahoto a rubuce tare da hotuna. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya nemi a karanta masa layi-layi, ya tambayi wane gyara ne na gaggawa, kuma nawa zai ci. Kafin a ba da kafin alƙalami, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa idan bincike ya nuna babban aibi, mai sayarwa zai gyara, ko ya rage farashi, ko ya mayar da kuɗin.

Aikin gida: ku zagaya gidan da kuke ciki, ku rubuta wurare uku da kuka ga tsaga ko danshi, ku auna faɗin tsagar da rula, ku zo da shi aji na gaba.